Yadda Ake Auna Aikin Malamin Kimiyyar Zamantakewa: Abin da Ya Rubuta da Yawan Masu Ambatonsa

Duk lokacin da aka fara haɗa dosiye na neman ƙarin girma, ko wata ƙungiya ta buɗe ƙofar tallafin bincike, tambaya ɗaya ce ke iske ni a nan Maradi: "Malam, sun ce in rubuta yawan ambatona da ma'aunin h, ina ake samo su?" Wasu masu tambayar a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo suke, wasu a cibiyar binciken noma ta INRAN, wasu kuma ƙanne ne da suka gama doktora a Yamai ko a waje suka dawo gida. Na sha amsa ta a tsaye, a bakin ofis, amsar tsaye kuwa ba ta ƙosarwa. Shi ya sa na zauna in jera matakan ɗaya bayan ɗaya, ga mai auna kansa da kuma wanda aka ɗora wa auna wani.

Ma'aunin h lamba ce guda da ke haɗa yawan ayyukan mutum da yawan ambatonsu, za mu lissafa shi a mataki na 7. Ambato kuwa shi ne wani mai bincike ya sa aikinka cikin jerin madogarar rubutunsa. Ƙirga shi ba ya da wuya, na'ura ce ke yi. Wahalar tana ga abin da ka ba na'urar ta ƙirga. Duk wanda ya taɓa sayen hatsi a kasuwa ya san sai an shiƙe ƙaiƙayi kafin a sa tiya, kuma ya san tiyar wannan kasuwa ba lalle ta zo daidai da ta waccan ba. Haka aikin nan yake: kashi mafi girma na lokacinka zai tafi wajen gyara jerin ayyukan, lissafin kuwa na minti goma ne.

Kayan da za ka tanada: kwamfuta, don waya ba ta isa ga wannan aiki, intanet mai ɗan ƙarfi, adireshin Gmail, Excel ko makamancinsa, da takardar tarihin aikin malamin wadda ya sabunta. Duk rumbunan da zan ambata, wato shafukan intanet masu tara ayyukan masu bincike da ƙirga ambatonsu, ana iya amfani da su ba tare da biyan ko dala ba, aƙalla gwargwadon abin da muke buƙata. Kuɗin da za ka kashe na forfe ne kawai. Lokaci kuwa, malamin da ke da ayyuka ashirin zuwa talatin zai ci maka yini guda idan kuran bai ɗauke ba.

Mataki na 1: San wanda zai karanta sakamakon

Kada ka buɗe kwamfuta sai ka amsa wannan. Idan dosiyen CAMES ne, wato hukumar da ke tantance malaman jami'o'in ƙasashenmu, wadda ke da mazauni a Wagadugu, to abin da kwamitocinta ke dubawa shi ne maƙalun kansu, irin mujallun da suka fito ciki, koyarwa, da kula da ɗalibai masu rubuta kundi. Nemi littafin ƙa'idojinta na shekarar da kake ciki, domin sharuɗɗa na canzawa, kuma na neman Maître-assistant daban yake da na Maître de conférences da na Professeur titulaire. Idan kuwa masu ba da tallafi ne daga waje, su ne suka fi tambayar ma'aunin h, wani lokaci har su faɗi rumbun da suke so a ɗauko shi. Idan sun ce Scopus, ɗaya daga cikin rumbunan da za mu gani a mataki na 6, to Scopus ɗin za ka ba su, ko da lambar ta fito ƙarama.

Mataki na 2: Haɗa jerin ayyukan daga hannun mai su

Tushen awo shi ne jerin da malamin ya ba ka da kansa. Intanet shaida ce kawai ke zuwa bayarwa daga baya. Buɗe jadawali a Excel, kowane aiki layi ɗaya, da waɗannan gurabe: take, shekara, sunayen marubuta bisa jerin da suka fito, yawansu, inda aka buga, harshe, nau'in aiki, da lambar DOI, wato lambar shaidar aikin a intanet, idan akwai. Ka bar gurabe huɗu a ƙarshe babu komai, na ambato ne.

Gurbin nau'in aiki shi ne ake yi wa riƙon sakainar kashi, alhali a fanninmu yana da nauyi. Likita ko masanin sinadarai kusan duk aikinsa maƙala ce a mujalla. Masanin zamantakewa kuwa, ko na labarin ƙasa, ko na tattalin arzikin karkara, aikinsa a warwatse yake. Raba su haka: maƙala a mujallar da masana ke tantancewa kafin bugu, littafi, babi cikin littafin haɗin gwiwa, littafin da ya jagoranci haɗawa, takardar da aka buga cikin kundin taro, rahoton bincike da aka yi wa ma'aikata ko ƙungiya, sai kundin doktora.

Gargaɗi: abin da aka aika wa mujalla ba a kai ga amsa ba, ba a ƙirga shi. Wanda aka amsa amma bai fito ba, a ware shi gefe tare da wasiƙar amincewa. Sannan aiki ɗaya da aka gabatar a taro, aka fitar da shi a matsayin rahoto, daga baya ya zama maƙala, kada ya zama uku a lissafi ba tare da an nuna alaƙarsu ba. Mai tantancewa da ya san aikinsa yana ganin wannan da wuri, kuma da ya gani sai ya fara shakkar sauran jerin.

Mataki na 3: Tattara duk yadda aka taɓa rubuta sunansa

A nan ne awon mutanenmu ya fi lalacewa, don haka zan daɗe a kai.

Rumbunan nan an gina su ne a kan tsarin Turawa: kowa yana da sunan dangi guda da ba ya canzawa, da sunan yanka da ake taƙaitawa zuwa harafi ɗaya. Mu kuwa sunanka ne da na mahaifinka, wani lokaci da na kaka, kuma takardun lakwal sukan sa na uba a gaba. Mutum mai suna uku zai aika maƙala, wannan mujalla ta ɗauki na farko a matsayin sunan dangi, waccan ta ɗauki na ƙarshe, ta uku ta haɗa biyu da ɗan layi a tsakani. Shi ke nan mutum ɗaya ya zama uku a idon na'ura, an raba masa ambatonsa gida uku.

Ga kuma rubutun sunan kansa. Mahamane, Mahaman, Mamane da Maman duk ana samun su ga mutum ɗaya. Wanda ya yi karatu a Sakkwato ko Zariya zai ga an mayar da Oumarou ya koma Umaru, Issoufou ya koma Yusuf, Abdoulaye ya koma Abdullahi. Sunan da ya fara da "Dan" kuwa, na'ura takan yanke Dan ɗin ta ɗauke shi sunan yanka irin na Ingilishi. Malamai mata suna da ƙarin nasu: wasu ayyukan da sunan gidansu, wasu da sunan miji a gaba.

Ɗaya gefen matsalar ya fi wannan haɗari. Sunayenmu kaɗan ne, masu su da yawa. Harafi ɗaya da Abdou ko Moussa ko Ibrahim yana iya tara mutum goma, daga Dakar har Kahira. Na taɓa zama da wani ƙanena a aiki, yana murna shafinsa ya nuna ambato mai yawa. Da muka bi layi-layi sai ga maƙalu kan cutar koda da kan injin wuta, alhali shi a kan rikicin gona da makiyaya yake aiki. Na ce masa, "Ƙanena, gara mu cire su yau da hannunmu da a ce wani kwamiti ne ya gano." Lambar ta sauko ƙwarai, amma wadda ta rage tasa ce, kuma da ita ya shiga gaban kowa hankali kwance.

Abin yi: zauna da malamin, ko ka kira shi, ku buɗe shafin farko na kowane aiki ku kwafe sunan daidai yadda aka buga shi. Ajiye wannan ɗan jeri a gefen jadawalin. Da shi za ka yi kowane nema daga nan gaba. Idan ka yi shakkar wani aiki, dubi abu uku: fannin, wurin aikin da aka rubuta ƙarƙashin suna, da abokan rubutu.

Mataki na 4: Google Scholar

Da shi ake farawa domin ya fi kowane rumbu faɗi. Yana kama Faransanci, yana kama littattafai da babuka da kundaye da rahotanni, yana kuma ɗebo abin da ke cikin shafukan da ke tara mujallu da maƙalu irin su Cairn, OpenEdition, Persée, HAL da AJOL, inda ayyukan fanninmu suka fi taruwa.

Idan kanka kake aunawa, shiga da Gmail, danna "Mon profil", cika suna da wurin aiki da fannoni. Zai kawo maka rukunonin maƙalu ya ce ko naka ne. Kada ka amshi rukuni dungurungum, buɗe shi ka zaɓa ɗaya-ɗaya, jadawalinka na gefe. Abin da bai kawo ba, neme shi da take. Idan har yanzu babu, akwai wurin shigar da shi da hannu.

Gargaɗi na farko: zai tambaye ka ko ya riƙa ƙara sababbin ayyuka da kansa ko ya aiko maka saƙo ka tabbatar. Ka zaɓi na biyun. Na farkon shi ne ƙofar da ayyukan masu irin sunanka ke shigowa.

Gargaɗi na biyu: shafin ba ya fitowa a sakamakon nema sai ka buɗe shi ga jama'a kuma ka tabbatar da shi da adireshin imel na jami'a ko cibiya. Gmail kaɗai ba ya wadatarwa ga wannan. Idan ba ka da na wurin aiki, nemi sashen kwamfuta su buɗe maka.

Daga nan sai haɗa tagwaye. Masu ambato suna kuskuren take, ko shekara, ko su taƙaita, sai aiki ɗaya ya fito sau uku, kowanne da ɗan ambatonsa. Jera ayyukan bisa take, yi wa masu kama alama, danna "Fusionner". Bayan haka za ka ga ƴar tauraruwa kusa da lambar, alamar an haɗa. Littattafai sun fi fama da wannan. Dubi littafin Emmanuel Grégoire a kan alhazan garin nan, Les Alhazai de Maradi, da ya fito a 1986, aka fassara shi zuwa Ingilishi a 1992: masu karanta Faransanci suna ambaton ɗaya, masu Ingilishi ɗaya, wanda kuma ya nemi take guda kawai rabin labari ya samu. Fassara ko sabon bugu, ni ina ƙirga su aiki ɗaya in tara ambatonsu, sannan in rubuta a rahoto cewa haka na yi.

Kwafe lambar kowane aiki cikin gurbi na farko daga huɗun da ka bari, ka rubuta ranar da ka ɗauka a samansa.

Mataki na 5: Idan malamin ba ya da shafi

Sauke Publish or Perish, manhajar da Farfesa Anne-Wil Harzing ta fitar tun 2006, kyauta ce. Zaɓi Google Scholar a matsayin madogara, sa sigogin sunan cikin gurbin marubuci, kowanne cikin alamar zance, da OR a tsakaninsu. Taƙaita shekarun daga shekarar da ya fara bugawa. Sakamakon zai fito a jere, kowane layi da ɗan akwati: cire alama daga duk abin da ba nasa ba, ja tagwaye ka ɗora ɗaya kan ɗaya su haɗu, lissafin da ke gefe zai gyara kansa. Ana iya kwashe komai zuwa Excel.

Gargaɗi: Google ba ya son a yi ta tambayarsa a jere. Idan ka matsa, zai sa ka tabbatar kai mutum ne, ko ya toshe ka na wani lokaci. Yi nema kaɗan masu tsabta. Nema ɗaya kuma ba ya wuce sakamako 1000, don haka sunan da ya yi yawa a haɗa shi da kalmar fanni ko sunan ƙasa.

Mataki na 6: Sake awo da wata tiya

Scopus na kamfanin Elsevier ne, Web of Science na Clarivate. Dukansu na kuɗi ne, amma Scopus yana barin kowa ya nemi marubuci ya ga yawan ayyukansa da ambato da ma'aunin h, Web of Science ma yana nuna shafin mai bincike ga wanda ya yi rajista kyauta. Kafin ka haƙura da sauran, tambayi mai kula da laburare ko wurin aikinku yana cikin shirin Research4Life, mai buɗe wa cibiyoyin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi mujallu da rumbunan kuɗi, domin Nijar tana cikin ƙasashen da ake ba damar shiga kyauta. Na ukunsu OpenAlex ne, wanda aka buɗe a 2022, babu kuɗi ko kaɗan, kuma ya fi waɗancan biyu kama mujallun Afirka, sai dai shi ma yana cakuɗa sunaye, a bi shi da jadawali.

A Scopus za ka iya tarar da malamin ya rabu shafi biyu ko uku saboda abin da muka faɗa a mataki na 3. Akwai hanyar neman a haɗa su daga cikin shafin, kyauta, amma ba a rana ɗaya take kammaluwa ba. Kada a bari sai ana saura kwana uku a rufe karɓar dosiye.

Cika sauran gurabe uku. Za ka ga lambobin sun sha bamban, ta Scopus da Web of Science a ƙasa can, wani lokaci sifili. Wannan bai kamata ya karya wa kowa gwiwa ba. Rumbunan biyu sun karkata ga mujallun Ingilishi na Turai da Amurka, littattafai kaɗan suke ɗauka, mujallun jami'o'inmu kuwa mafi yawansu ba sa ciki. Malamin da ya yi shekara goma sha biyar yana rubutu da Faransanci kan gado da mallakar gona a Madarunfa da Gidan Rumji yana iya zama madogarar duk mai aiki a fannin, Scopus kuwa bai san da shi ba.

Gargaɗi: ba a tara lambar rumbu ɗaya da ta wani. Ambato ɗaya ne suke gani su duka, tarawa ninki ne. Ba a kuma ɗauko ta Google Scholar ga wannan malami a gwada da ta Scopus ga wancan.

Mataki na 7: Yi lissafin da hannunka

Na'ura za ta ba ka lambar, amma wanda bai taɓa lissafa ta da kansa ba ba zai gane ranar da ta yi kuskure ba. Jera ayyukan daga mai yawan ambato zuwa mai ƙaranci. A ce wata malama tana da ayyuka 12, ambatonsu kuma haka: 41, 23, 15, 9, 7, 6, 4, 3, 2, 1, 0, 0.

Jimla 111 ce. Ma'aunin h, wanda Jorge Hirsch, masanin fiziya a Amurka, ya fito da shi a 2005, ana samun sa ne ta sauka layi-layi kana gwada lambar layi da yawan ambato. Layi na 6 yana da 6, ya cika. Layi na 7 yana da 4, bai kai 7 ba. To h ɗinta 6 ne: tana da ayyuka shida da kowanne aka ambata aƙalla sau shida.

Ma'aunin i10 na Google Scholar yawan ayyukan da suka kai ambato goma ne, a nan 3. Ma'aunin g na Leo Egghe, na 2006, yana ba manyan ayyuka haƙƙinsu: kana tara ambato daga sama har inda jimlar ta kasa kai lambar layi sau kanta. Goma na farko sun tara 111, sun wuce 100. Sha ɗaya na buƙatar 121, ba su kai ba. To g ɗinta 10.

Akwai lamba guda da nake roƙon kowane shugaban sashe ya riƙa dubawa, domin ita ce ke yi wa matasa adalci. Ma'aunin h ba ya sauka, hawa kawai yake da shekaru, don haka dattijo sau da yawa yana gaban yaro ko da ya daina rubutu. Raba h da yawan shekaru tun aikin farko. Idan malamar nan ta fara bugawa shekara goma da suka wuce, 6 a raba da 10 ya ba da 0.6. Wanda ke da h 9 bayan shekara talatin yana da 0.3.

Gargaɗi: matsakaicin ambato yana ruɗi. A misalin nan ya haura 9, alhali aiki ɗaya ne ya ɗauki fiye da kashi ɗaya cikin uku na jimlar, rabin ayyukan kuma ba su wuce 4 ba. Idan za ka ba da matsakaici, haɗa da na tsakiyar jeri, wanda a nan 5 ne.

Mataki na 8: Cire ambaton kai, duba yawan marubuta

Mutum ya ambaci aikinsa na baya ba laifi ba ne, wanda ke gini a kan tubalinsa dole ya nuna shi. Amma awon tasiri yana tambayar ko wasu sun amfana. Scopus yana da wurin cire ambaton kai a shafin taƙaita ambato, ga wanda ke da cikakkiyar damar shiga. Google Scholar ba ya cirewa, sai da hannu: danna lambar ambaton aikin, bi jerin, ƙirga waɗanda malamin ke cikin marubutansu. Ba sai ka yi wa duka ba, yi wa waɗanda ke kusa da iyakar h. A misalinmu, idan mai 7 da mai 6 kowanne ya koma 5, h ya sauko 5. Rubuta duka biyun.

Sai batun haɗin gwiwa. A nan Maradi masanin zamantakewa sau da yawa yana cikin ayarin masana noma ko na lafiya, sunansa na biyar cikin takwas. Maƙalar za ta ci ambaton fannin noma ko likitanci, wanda ya fi namu yawa da sauri. Hanya mai sauƙi: raba ambaton kowane aiki da yawan marubutansa, ka sake lissafin h. Mai 41 idan marubuta shida ne ya koma kusan 7. Publish or Perish yana yin wannan da kansa. Ban ce wannan lamba ta maye gurbin ta farko ba, domin rabon daidai-wa-daida shi ma ba ya nuna wanda ya sha ranar ƙauye yana hira da mutane. Amma tana nuna ko tasirin ya tsaya da ƙafar malamin. Ƙara gurbi guda: a ayyuka nawa ne shi kaɗai, a nawa ne na farko.

Mataki na 9: Duba mujallun

Ga kowace mujalla, nemi sunanta a shafin Scimago, kyauta ne, yana nuna ko tana cikin Scopus da matsayinta a fanninta daga Q1, rukunin sama, zuwa Q4, rukunin ƙasa. Duba DOAJ, jerin mujallun da ake karantawa kyauta, da AJOL, shafin mujallun Afirka, ga waɗanda ba sa can. Mujallar jami'a ko ta CODESRIA, ƙungiyar masu binciken zamantakewa ta Afirka, da ke da kwamitin tantancewa na gaskiya aiki ce cikakkiya ko da babu ta a Scimago, a rubuta ta da sunan mai buga ta da lambar ISSN, wato lambar shaidar mujallar.

Gargaɗi: akwai mujallun cin kuɗi da ke cika mana akwatin imel, su amshi maƙala cikin mako guda, su karɓi kuɗi, su manna wata lambar tasiri a shafinsu. Lambar tasiri ta ainihi Clarivate kaɗai ke fitar da ita. Ko ita ɗin ma mujalla take aunawa, bisa ambaton abin da ta buga cikin shekara biyu, fanninmu kuwa maƙala takan yi shekaru kafin a fara ambatonta. Sanarwar San Francisco ta 2012, wadda ake kira DORA, ta fito fili ta ce kada a auna mutum da lambar mujallar da ya buga ciki. Duk kuma wanda ya yi maka tayin ƙara maka ambato da kuɗi, ko "ka ambace ni in ambace ka", guje shi. Ana ganewa, kuma sunan da ya ɓaci a wannan harka da wuya ya gyaru.

Mataki na 10: Gwada shi da tsararsa

Shin h 6 mai yawa ne ko kaɗan? Babu amsa sai an san wa ke gefensa. Zaɓi mutum biyar zuwa goma da suka haɗa fanni da shi, suka fara bugawa kusan lokaci ɗaya, suna rubutu da harshe ɗaya, a wurare masu kama da nasa: Yamai, Damagaram, Tawa, Wagadugu, Bamako, Kwatano. Ɗauko lambobinsu daga rumbu ɗaya, a mako ɗaya. Masanin tarihi ba a gwada shi da masanin tattalin arziki, balle da likita. Ayyukan shekara biyu ko uku na baya-bayan nan a ƙirga su cikin yawan aiki, amma kada a yi musu hukunci da ambato tukuna.

Mataki na 11: Karanta, sannan nemo abin da na'ura ba ta gani

Ɗauki ayyuka uku ko biyar da suka fi ambato, buɗe wasu daga cikin masu ambaton. Su wa ne? Ɗalibansa ne kawai, ko har mutanen da bai taɓa gani ba? An yi aiki da hujjarsa ne, ko an jefa sunansa cikin jerin mutum goma a gabatarwa? An ambace shi ne don a ƙaryata shi? Lamba ɗaya ce ga duk waɗannan.

Wani tasirin kuma ba ya shiga kowane rumbu. Kundayen masta da ke jere a kantar laburaren sashe, ba a taɓa sa su a intanet ba, cike suke da ambaton malamanmu. Rahoton da wata ma'aikata ta gina shirinta a kai, binciken da kwamitin filaye na wata ƙaramar hukuma ya yi aiki da shi wajen shata burtali, bayanin da aka yi da Hausa a gidan rediyo manoma suka ji: duk wannan aikin kimiyyar zamantakewa ne, kuma a ganina shi ne dalilin da ya sa ake yin ta. Ƙa'idojin Leiden guda goma, da aka buga a mujallar Nature a 2015, sun ce lissafi mataimakin hukuncin masana ne, sun kuma ce a kare binciken da ke da amfani ga mutanen wurin. To a tattara shaida: kwafin shafin da aka ambaci aikin, wasiƙar ma'aikatar, jerin ɗaliban da ya kula da su da taken kundayensu da shekara.

Mataki na 12: Rubuta sakamakon

Shafi ɗaya ya isa. A sama: suna da duk sigoginsa, shekarar aikin farko, ranar awo. Sai yawan ayyuka bisa nau'i da harshe. Sai ɗan jadawali, kowane rumbu layinsa: ayyukan da ya gani, jimlar ambato, h, da h bayan cire ambaton kai. Kada lamba ta fito ba tare da sunan rumbu da kwanan wata a gefenta ba, domin wata mai zuwa za ta canza. Ƙarƙashin jadawalin, faɗi kashi nawa na ayyukan kowane rumbu ya kama, misali Scopus ya ga 3 cikin 12, don mai karatu daga waje ya san abin da lambar ke wakilta. Sai sakin layi biyu kan manyan ayyukan da shaidun mataki na 11.

Idan wani kake aunawa, ba shi takardar ya duba kafin ta wuce gaba. Haƙƙinsa ne, kuma kusan kullum yana gano aikin da ka tsallake.

Kafin ku rabu, ku yi abu biyu da za su sauƙaƙa awo na gaba. Ya buɗe ORCID, lamba ce mai gurbi 16 da ke bin mai bincike duk yadda aka rubuta sunansa, kyauta, minti biyar. Ya zaɓi siga ɗaya ta sunansa ya tsaya a kanta, ya riƙa ba kowace mujalla lambar. Sannan tsofaffin maƙalun da ke cikin mujallun takarda, a ɗauki hotonsu ta yadda na'ura za ta iya karanta rubutun, a sa su a shafin ajiyar maƙalu kamar HAL ko Zenodo idan mai bugawa ya yarda, da take da suna da shekara a rubuce daidai. Jadawalin kuma a ajiye kwafi biyu, a koma kansa duk wata shida a ƙara sabon gurbi da sabon kwanan wata.